Duk Laifin Lyon A Wuyana

Ni Habu mutumin Tasawa, wanda karatunsa na lakwal, wato boko, ya tsaya a aji huɗu saboda ni da malamin aji mun kasa fahimtar juna, ni ne aka wayi gari ina kula da kwamfutocin makarantu biyu a ƙasar Faransa. Wanda ya ce ƙarya nake ba zan yi fushi da shi ba. Ni ma ranar da aka gaya mini sai da na waiga in ga ko da wani ake.

Zangona na fari Montreuil ne, gefen Paris, a gidan ma'aikata inda ɗakin mutum biyu ke ɗaukar biyar, kowa na rantsuwa ba shi ke minshari ba. A nan na san Alhaji Idi, dattijon 'yan Nijar na unguwar, Badamagare mai gida da iyali, wanda ke leƙo mu duk Juma'a ya ji ko akwai marar lafiya. Shi ya kai ni kasuwar Rungis ɗaukar akwatunan kifi. Na yi shekara biyu ina warin teku, ni da ban taɓa ganin teku ba, har bayana ya ce ya gaji, ya zauna.

Zango na biyu Aubervilliers, a sito na wani ɗan kasuwa mai shigo da kayan kwamfuta. Da fari kwali nake yankawa. Daga baya na fara leƙa cikin injinan, na gane ashe abin da ake ta tsoro bai fi tsohon rediyon kawuna wuya ba: waya ce ta shiga nan, ta fita can, in ta ƙi ka hura mata iska. Shekara uku ina haɗawa ina warwarewa. Maigidan ya yi alkawarin zai rubuta ni a hukumance in samu takardu, kullum amsarsa ɗaya, wata mai zuwa. Wata safiya muka tarar da ƙofa a garƙame, shi kuma ko ƙurarsa. Da taimakon Alhaji Idi da wasu mata masu ƙungiyar agaji na samu katin zama na shekara ɗaya. Irin katin nan ne da ba a sabunta shi sai ka kai kwantaragin aiki. A riƙe wannan, domin duk abin da zan faɗa a kansa ya rataya: ba aiki, ba kati.

To Alhaji Idi yana da ɗiya, Ramatu, haihuwar Paris. Hausarta tana tafiya ne da sanda, duk taku biyu sai ta dogara da Faransanci. Amma kai gare ta. Ita aka ba shugabancin sashen kwamfuta na wasu makarantun koyon sana'a, irin waɗanda ake shiga bayan sakandare a yi shekara biyu. Makarantu bakwai ne ƙarƙashin hukuma ɗaya, biyar a kewayen Paris, biyu a Lyon, masu gyara kuwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Wayarta ba ta hutawa. Wannan shugaban makaranta ya kira wai ɗakin jarrabawa ya mutu, wancan ya kira wai me ya sa aka sayi sababbin injuna wa maƙwabcinsa shi ba a saya masa ba, kowa yana ganin tasa makarantar ce kaɗai Allah ya halitta. Ta ɗauke ni in riƙa jigilar kaya tsakanin makarantun. Ranar da zan fara ta tsayar da ni a bakin ƙofa.

"Baba Habu, bon, a gida kai babana ne. A biro, wurin aiki, ni ce shef, ni ce shugaba."

"Na ji, ranki ya daɗe."

"Kada ka ƙara ce mini haka gaban mutane."

"To, ranki ya daɗe a ɓoye."

Ta ga ina gyara abin da aka aike ni ɗaukowa kafin in iso da shi. Saboda haka da mai gyaran Lyon ya bar aiki, ba wanda ya yarda ya bar Paris, sai ta ce in tafi.

Lyon gari ne mai koguna biyu da sanyi uku. Makaranta ɗaya tana wannan hayi, ɗaya tana wancan, ni ina tsakiya a cikin taram, jirgin ƙasa na cikin gari, da jakar sukurdireba. Na yi wata biyu ban ji kalmar Hausa daga bakin kowa ba sai nawa. In kewar gida ta taso, sai in shiga ɗakin da manyan injuna ke kwana, inda akwai ɗumi, in zauna ina zaginsu da harshen Tasawa, suna amsa mini da gurnani.

Abu na fari da na gyara a Lyon ba inji ba ne, mutane ne. Mutum zai bankaɗo ƙofa, ko sallama babu, ya ce injin buga takarda ya ƙi. Sai in ce masa, ina kwana, Musye. Yaya gida? Yaya sanyi? Yaya ƙafar nan da ka ce tana ciwo? Yana tsuma ina gaisuwa. Cikin wata uku duk malaman sun gane cewa injin wanda ya tambayi lafiyata ya fi saurin warkewa. Har akwai wata sakatariya, Madam Kolet, da ta koyi cewa "sannu da aiki", tana faɗinsa kamar mai tari.

Sai Musye Bernar, malamin da ke koyar da aikin otal, dattijo sa'ana. Shi ya ga ina salla a bayan matakala, washegari ya miƙo mini mabuɗin wani ɗan ɗaki da ake ajiye tawul. Shi ya kai ni unguwar da ake sayar da gero. Da ya ga rigar sanyina, ya ce wannan ai labule ne, ya kawo mini tasa tsohuwa. Mutumin kirki. Amma tsakaninsa da kwamfuta akwai gaba tun ta kakanni. Duk Litinin sai ya manta lambar sirrinsa ta shiga inji. Ya kan zo da sassafe kafin kowa, ya rufe ƙofa, ya gaishe ni har da tambayar mutanen Tasawa, sannan ya sunkuyar da kai. Dalilin rufe ƙofar shi ne, shugaban makarantar ya daɗe yana neman hujjar da zai ce Bernar ya tsufa, zamani ya wuce shi, a rage masa azuzuwa.

Ana nan sai Ramatu ta kira ni. Gaisuwarmu ta waya ba ta wuce numfashi ɗaya.

"Baba, lafiya, lafiya, wala, shi ke nan. An kawo sabon tsari. Daga yau duk gyara sai da tike."

"Tike na jirgi ko na sinima?"

"Na aiki. Ka buɗe a inji, ka cike, in ka gama ka rufe. Ni daga nan ina ganin makarantu bakwai a allo ɗaya. In ba haka ba ban san inda zan tura mutum ba, ban san abin da zan saya ba. Kowa yana kuka, ban san wa ya fi ciwo ba."

Gaskiyarta, ban musa ba. Na buɗe abin na duba. Layi na fari: sunan mai matsala. Na biyu: abin da ya faru. Na uku: sanadi. A ƙasa an rubuta cewa duk ƙarshen wata ana aika wa shugaban kowace makaranta jerin nasa.

Na sake karantawa. Wannan ai ƙara ce. Mutum ya zo wurinka a asirce, ya rufe ƙofa, ya tambayi lafiyar iyalinka, ya nuna maka inda ya kasa, kai kuma ka ɗauki sunansa ka aika Paris, Paris ta aiko wa maigidansa? In rubuta cewa Madam Kolet ce ke shure wayar wuta da ƙafa tana cewa inji ya mutu? In rubuta cewa malamin Turanci ya zuba kofi a madannai ya ce haka ya tarar? A garinmu ko wanzami ba ya faɗin abin da ya gani a ƙarƙashin hula. Na rufe tsarin, na ci gaba da aikina yadda na saba.

Wata shida ban buɗe tike ko ɗaya ba. Har alfahari nake. Na ce a raina, yanzu Ramatu tana duba allonta, tana ganin Paris ja wur kamar an yanka rago, Lyon kuwa fari tas, tana cewa madalla da Baba.

Wata Talata da hantsi sai ga ta a ƙofar ɗakina, daga tashar jirgi, ko jakarta ba ta ajiye ba. Na fara gaisuwa.

"Baba, ba yau ba."

Ta zauna a kan kwalin takarda. Ta ce hukumar makarantun na neman inda za ta rage ma'aikata. Babban darakta ya duba allo, ya ga makarantu biyu da ba su taɓa samun matsala ba cikin wata shida. Ya ce wurin da ba ya lalacewa me zai yi da mai gyara? A rufe gurbin Lyon a ƙarshen zangon karatu, in wani abu ya taso a turo mutum daga Paris.

"Amma ai saboda ina nan ne ba ya lalacewa."

"A ina aka rubuta?"

"Tambayi kowa."

"Ba a tambayar kowa, Baba. Allo ake tambaya. Na kira ka sau nawa na ce ina tike? Ka ce mini to."

"To ɗin ai na ladabi ne."

Ta dafe kai. Ta tambaye ni yaushe katina zai ƙare. Ta sani, so take in faɗa da bakina. Wata biyu bayan ƙarshen zango. Ta ce ta roƙi a ba ta mako takwas kafin taron yanke shawara. Cikin makonnin nan, ko ƙuda ne ya sauka a kan inji na kore shi, in buɗe masa tike.

"In aka kore ka, da wane ido zan kalli babana? Kuma ni ma an fara tambayata ko don kai ɗan ƙasarmu ne na ajiye ka ba ka aikin komai."

Wannan ta shige ni. Na yi mata alkawari, ba irin na ladabi ba.

Litinin da ta biyo, da sassafe, Musye Bernar ya shigo ya rufe ƙofa. Muka gaisa. Na mayar masa da lambarsa. Sannan na buɗe tike, yana tsaye a bayana, na bayyana masa abin da ake ciki. Ya karanta layukan uku, ya karanta na ƙasa.

"Rubuta, Habu," in ji shi. "Aikinka ne. Ba komai."

Ya faɗa yana gyara maɓallin rigarsa wanda ba abin da ya same shi. Na sa harafin fari na sunansa. Na dube shi. Rigarsa ce a jikina a lokacin. Na goge, na rubuta: Habu. Abin da ya faru: ya manta lambar sirri. Sanadi: tsufa.

Da na ga inji ya karɓa bai yi gardama ba, sai na ce ashe hanya a buɗe take. Habu ya shure wayar wuta. Habu ya zuba kofi a madannai, ni da ko ɗanɗana kofi ba na yi. Habu ya cusa takarda a karkace. Habu ya goge darasin wata guda, Habu ya dawo da shi. Akwai ranar da Habu ya lalata inji a hayin nan da wani a hayin can cikin minti goma, abin da ko aljani sai ya yi haki. Tike kam an samu. Ramatu ta aiko mini da saƙo cewa adadi yana hawa, madalla. Ashe jimla kawai take dubawa, ba ta buɗe ciki ba, domin a makonnin nan tana fama da sauya injunan makarantu uku a Paris.

Ranar taro aka ce in zo Paris. Na hau jirgin safe, na sa babbar riga a ƙarƙashin ta Bernar. Ɗaki ne mai dogon tebur, shugabannin makarantu bakwai sun jeru, babban darakta a kai, wani siririn mutum mai tabarau a kan hanci. Aka haska Lyon a bango. Ya gyaɗa kai, ya ce lallai akwai aiki. Ramatu ta saki numfashi. Sai ya ce a nuna masa su wane ne masu matsalar.

Aka danna, sai ga zanen da ke nuna yawan matsalar kowa da tsawon sanda. Wuri duk fili, sai sanda ɗaya doguwa da ta tashi daga ƙasan bango ta kusa taɓa rufi. A gindinta sunana.

Shugabannin bakwai suka juyo suna kallona. Ramatu ta juyo gare ni da murmushi, irin na mai gabatar da baƙo, ta ce da Hausa, kuma ranar Hausarta ko sanda ba ta riƙe ba:

"Baba, me ka aikata mini?"

Ni ma na yi murmushi na ce, "Tike kika ce, ɗiyata."

Darakta ya cire tabarau. "Musye Habu, kai ne mai gyara a Lyon?"

"Ni ne."

"Kuma kai ne mai lalatawa."

"Ba na son ɗora wa kowa nauyi, Musye."

"An rubuta nan ka manta lambar sirrinka duk Litinin. Wa ke mayar maka da ita?"

"Ni."

"Da wace lamba kake shiga ka mayar?"

Na ce masa a daidai nan Faransancina ya ƙare.

Shugaban makarantar su Bernar ya miƙe zaune. Shi ya gane. Ya ce wannan rufa-rufa ce, yana da haƙƙin sanin malaman da ba su iya aiki da inji ba, a tilasta mini in kawo sunaye na gaskiya, in ba haka ba takardun ƙarya ne, kuma an san hukuncin mai takardun ƙarya. Darakta ya dube ni ya ce, zan iya kawowa? Na ji katina yana motsi a aljihu. Na ce, Musye, mutumin da ke manta lambarsa duk mako, ta ina zai tuna sunayen mutane?

Sai Ramatu ta yi magana, da Faransancin nan nata mai kaifi. Ta ce ita abin da take buƙata don ta tafiyar da makarantu bakwai shi ne ta san me ya lalace, a wane ɗaki, sau nawa. Ba ta taɓa buƙatar suna ba. Ta ce ta lura ko a Paris malamai sun gwammace su zauna da mataccen inji mako guda da a ga sunansu a jerin ƙarshen wata, sai ranar jarrabawa abin ya fashe a kanta. Ta nemi a cire layin suna a sa lambar ɗaki. Ta ce gyare-gyaren da ke bango duk an yi su, ta ɗauki alhakin wannan, wanda ke shakka ya hau jirgi ya je ya duba.

Aka yi ta ja. Ni dai ina kallon sandata da ke bango. Daga ƙarshe darakta ya ce gurbin Lyon ya tsaya, layin suna a gwada cire shi. Amma akwai doka a rubuce: duk ma'aikacin da matsalolinsa suka wuce kima, dole ya yi kwas na masu fara koyon kwamfuta. Tunda Musye Habu ya tsaya a kan cewa shi ne, to shi ne. Ba za a sa hannu a kwantaraginsa ba sai ya kawo takardar gamawa. Ya mayar da tabarau, kuma na rantse gefen bakinsa ya motsa.

A waje muka taka da Ramatu har bakin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Sai da za mu rabu ta ce, "Da ka gaya mini tun farko abin da ke damunka da layin nan, da na cire shi ba tare da an haska ka a bango ba."

"Ai ke shef ce. Ba a gaya wa shef tsarinta ba shi da kunya."

"Amma ana yi mata ƙarya wata takwas."

Sai na tambaye ta lafiyar Alhaji.

Kwas ɗin kwana uku ne, a ɗaya daga makarantun Paris. Mu goma sha biyu, yawanci masu shara da masu gadi da ake so su iya duba saƙo. Malamin wani mai jan wuya ne da ke magana da mu a hankali kamar marasa lafiya. Ranar fari muka koyi kunnawa. Ranar ta biyu muka koyi kashewa. Na yi tambayoyi don kada a zarge ni. Ya ce ina da ƙoƙari, sai dai hannuna yana da nauyi.

Ranar ta uku majiginsa ya ƙi haskawa. Ya danna nan, ya danna can, ya kashe ya kunna, gumi ya fara tsattsafo masa. Daga inda nake zaune ina hango wayar, ya cusa ta a ramin da ba nata ba. Yatsuna har ƙaiƙayi suke. In na tashi na gyara a gaban mutane, na kunyata shi a gaban ajinsa, kuma shi ne mai sa hannu a takardata. Na zauna a kan hannuwana minti ashirin ina kallon bawan Allah yana shan wuya. Da ya ce a je a sha kofi, na yi kamar ina ɗaure takalmi har ɗaki ya watse, na zare wayar na mayar da ita gidanta, na fita.

Da aka dawo ya danna wani maɓalli da ba ruwansa da komai, bango ya haskaka. Ya juyo yana gyara wuyan riga.

"Kun gani? Inji haƙuri yake so. Abin da ba ku sani ba kada ku taɓa, ku kira masana. Musamman kai, Musye Habu. Na ga tarihinka."

Na ce na gode, na rubuta a littafina.

Da takardar gamawa da kwantaragi na tafi ofishin baƙi na Lyon, na bi layi tun safe har azahar ta gota. Matar da ke bayan gilashi ta juya takardun ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya a kan ta kwas, ta dube ni, ta dubi furfurata.

"A shekarunka ka fara koyon kwamfuta? Ka burge ni, Musye. Da wuya?"

"Da wuya, Madam. Amma yanzu ina iya kunna ta ni kaɗai."

Ta ce in ci gaba da ƙoƙari, ta buga hatimi.